Gangaren Tsamiya Biyu a Kwamfutar Janet

Litinin, 10 ga Mayu 1999, ƙarfe biyar na yamma

'Yata Janet ta ce ta gaji da ganina a ƙofar gida ina ƙirga 'yan acaɓa. Tun da na yi ritaya daga reluwe take neman turken da za ta ɗaure ni, yau ta samu. A shagonta na buga takardu da ke bakin kasuwar Tarauni akwai kwamfuta biyu, ɗaya ta aiki, ɗaya tsohuwa da ba a taɓawa. A cikin tsohuwar ta sa wani faifai da mijinta ya zo da shi daga Legas, wai na koyon tuƙa jirgin ƙasa.

Na zauna na tuƙa, dariya ta kusa kayar da ni daga kujera. Tarago ashirin a bayana, na taɓa birki, abin ya tsaya cak kamar keke. Na ce mata wanda ya ƙera wannan bai taɓa jin tarago ashirin sun tokare shi a ƙeya ba.

Ta ce, "To Baba, ga fili ga mai doki. Gyara mana." Ta buɗe mini wani fayil mai layi-layi na lambobi: nauyin jirgi, ƙarfin birki, zurfin gangara, santsin dogo. Kana canza lamba, jirgin ya canza hali.

Shekara talatin da ɗaya na yi a kan dogo. Ban san ina kewarsa haka ba sai yau.

Laraba, 12 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Na ba shi nauyinsa, tan ɗari takwas. Na kuma samo layin da na fi so, wato daƙiƙun da iskar birki ke ɗauka kafin ta kai tarago na ƙarshe. Sun sa biyu. Biyu! Na mayar da shi sha ɗaya. Yanzu in ka ja hannun birki sai ka jira, gabanka na faɗuwa, kafin ka ji wutsiyar jirgin ta amsa. Haka abin yake.

Da ya fara nauyi sai ga komai ya dawo mini. Warin baƙin mai da sassafe. Matan Kafanchan da ƙwaryar dafaffiyar gyaɗa a ka, suna bin taga da gudu. Shayin da muke dafawa a gwangwani a jikin inji. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to ni dai a saka ni a lissafin.

Sai muryar Malam Isyaku a kunnena: "Ɗanladi, ba a fizgar birki, lallashinsa ake yi." Shekara tara ina mataimakinsa, abin da ake ce wa fayaman tun zamanin jirgin kwal. Duk abin da na iya, a hannunsa na iya. Ya kamata in je Darmanawa in duba shi, na kwana biyu ban leƙa ba.

Alhamis, 13 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na je. Ya rame. Tun azumi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa sai ka kasa kunne sosai. Matarsa Husaina ta shimfiɗa mana tabarma a zaure. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Kagoro, ka yi tumbi." Na ce, "Direba, fansho ne." Ya yi dariya da rabin baki.

Don in faranta masa rai na ba shi labarin kwamfutar. Da na sani da na kama bakina. Idonsa ya buɗe, ya damƙe hannuna da na hagunsa.

"Ana iya sa gangara?"

Na ce ana iyawa.

"Sa mini Tsamiya Biyu."

Zan rubuta shi sau ɗaya, ba zan sake ba. Agustan 1979, da damina, muna gangarowa Tsamiya Biyu da jirgin kaya, shi a kan birki, ni a gefensa. A ƙasan gangaren hanyar mota ta ratsa dogo, kuma motar 'yan kasuwa ta mutu a kai, cike da mutane. Ba mu iya tsayawa ba, muka bi ta kansu. Kwamitin bincike ya ce direba ya makara da birki. Aka sallame shi, ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa tifa a Kano. Ni aka bar ni, bayan shekara biyu aka ba ni kujerar direba.

Da zan tafi Husaina ta raka ni ƙofa. Ta ce, "Baban Janet, ba ya barci. Da ido ya rufe sai ya zabura yana cewa na makara, na makara. Likita ya ce mu yi ta addu'a. In abin nan naku zai sa ya huta, don Allah ka yi masa."

Na ce zan yi.

Juma'a, 14 ga Mayu, tsakar rana

Ban je shago ba. Zafi.

Asabar, 15 ga Mayu, tsakar rana

Zafi.

Litinin, 17 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Janet ta zo da kanta ta ɗauke ni, wai ko ciwo nake. Na fara gina gangaren. Abin mamaki, ban manta ko lamba ɗaya ba, ni da nake manta inda na ajiye tabarau. Gangara ɗaya cikin sittin. Gudu mil talatin. Daga farin turken da direba ke fara hango hanyar mota zuwa hanyar kanta, yadi ɗari shida. Bayan hanyar akwai kwalbati, yadi ɗari da tamanin. Janet ta sa mini alama a duk wurare ukun.

Santsin dogo ya ba ni wahala. Ruwan sama mai ƙarfi ba shi ne matsala ba, shi wanke dogo yake yi. Yayyafi ne mugu, ya haɗu da ƙura da ganye, dogo ya koma kamar an zuba masa kuɓewa. Na yi ta rage lambar har ƙafafun jirgin suka fara zamewa yadda na san suna yi.

Akwai layi ɗaya a can ƙasa. Ban taɓa shi ba.

Talata, 18 ga Mayu, ƙarfe uku na yamma

Janet ce ta tono shi. Ta ce, "Baba, wannan na ƙasan fa? Na ga an rubuta yashi. Me jirgi zai yi da yashi, gini zai yi?"

Na ce mata 'yar reluwe ba ta san yashi ba, abin kunya. Na bayyana mata. A jikin kan jirgi akwai akwatin yashi da siririn bututu da ke sauka gaban ƙafa. In dogo ya yi santsi, direba ya ce yashi, fayaman ya ja hannu, yashi ya zubo, ƙafa ta samu abin kamawa. Amma sai busasshe ƙayau. A ƙananan tashoshi mu muke soya shi a kan faifan ƙarfe, mu tankaɗe da rariya kamar mata na tankaɗen gari, sannan mu cika akwati. In da danshi a jikinsa, curewa yake yi a bututu, ko ƙwaya ba za ta fito ba. Aikin fayaman ne, ba mai duba masa.

Ta ce, "Ɗaya ne a rubuce, wato yana aiki. A bar shi haka?"

Na ce a bar shi.

Ina son aikin nan da, soya yashi. Da sanyin safiya, kai kaɗai da wuta, yashi na canza launi a gabanka. Malam Isyaku yakan zo ya damƙa ya saki, in ya zube ta tsakanin yatsunsa ya ce, "Yau ka ci abincinka." Ba kullum yake zuwa ba.

Laraba, 19 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Lambobi sun cika, duk na gaskiya. Na sako jirgi daga saman gangara, na ja birki daidai farin turke.

Ya tsaya. Saura yadi sittin ya kai hanyar mota.

Sau tara na yi. Sau tara ya tsaya.

Alhamis, 20 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Janet ta fita sayen takarda. Na mayar da layin ƙasa, na yashi, sifili, sau ɗaya kawai, na sako jirgi.

Ya wuce hanyar mota, ya tsaya daidai kwalbatin, inda muka tsaya ranar. Ko yadi biyar bai kuskure ba.

Na mayar da shi ɗaya, na kashe kwamfutar, na taka da ƙafa har Gyadi-Gyadi a cikin ranar nan. Da na isa gida ban iya cin abinci ba.

Lahadi, 23 ga Mayu, bayan sujada

Na zauna a layin baya. Ban ji komai daga wa'azin ba. A ƙofar coci kowa maganar Asabar yake yi, soja za su miƙa mulki, wasu na cewa sai sun gani da idonsu. Maƙwabcina ya ƙure rediyo tun safe.

Ba na son rediyo kwanakin nan. A '79 ma haka aka yi ta manne masa, ana jiran sakamakon zaɓe jiha bayan jiha. Ina da ƙuruciya, ina ganin duniya za ta sake sabuwa. Akwai wani mai shayi a bayan tashar da muka kwana, yana da rediyo mai kyau. Na tsaya a wurinsa da safen ranar hatsarin. Na daɗe.

Ko marigayiya Naomi, uwar 'ya'yana, ban taɓa ba ta labarin mai shayin nan ba.

Litinin, 24 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Husaina ta aiko. Ɗansu Anas, mai tuƙa bas, ba ya aiki ranar Asabar, zai kawo mahaifinsa shago da hantsi.

Na yi tunani, na samo mafita. In na rage ƙarfin birki daga sittin zuwa arba'in da biyar, jirgin ba zai tsaya ba ko a ina aka ja. Sai in ce masa, ka gani Direba, ba mahalukin da zai iya tsayar da shi, ƙaddara ce. Ya samu barci, ni ma in ci gaba da zama a tabarmarsa. Wa aka cuta?

Na rage. Janet na leƙowa ta bayana ta ce, "Baba, ba kai ka rantse mini sittin ne ba?" Na ce tsufa ne, na tuna daga baya. Ta dube ni irin kallon uwarta, ta koma kan aikinta.

Laraba, 26 ga Mayu, da hantsi

Wa aka cuta?

Juma'a, 28 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Hadari ya haɗu ta gabas, ya watse bai zubar ba. Na goge takalmina, na fito da tsohuwar hular aiki, na mayar da ita. Tsoro nake ji, ba na wasa ba. Mutumin nan shi ya tsaya mini ranar aurena, shi Musulmi, ya zauna a coci awa uku bai motsa ba. Shi ya koya wa Janet hawa keke. Shekara ashirin ina cin tuwon sallarsa.

Asabar, 29 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Gara in rubuta tun da zafinsa.

Titi ba kowa, duk an tafi gaban talabijin. Ba wuta, Janet ta tayar da janareta. Anas ya ɗauko mahaifinsa cak ya ajiye a kujera, Husaina ta zauna a benci ta bakin ƙofa. Ya sa farar riga da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na nuna masa maɓallin birki, ya ɗora ɗan yatsan hagu a kai.

Ya ce, "Fili tukuna." Direban kirki ba ya shiga gangara da birkin da bai gwada ba. Na ba shi miƙaƙƙen dogo. Ya ja sau ɗaya, ya jira, ya ja na biyu. Sai ya juyo.

"Wannan ba jirgina ba ne."

Na ce, "Shi ne, Direba. Tan ɗari takwas."

"Nauyin nawa ne. Birkin ba nawa ba ne. Ɗanladi, ni za ka yi wa wayo? Ni na gwada birkin nan da hannuna ranar."

Janet ta matso kusa. Ta miƙo hannu ta buɗe fayil ɗin, ta matsa gefe. Na mayar da sittin.

Ya sake gwadawa a fili, ya gyaɗa kai. Na sako shi daga saman Tsamiya Biyu. Na ga kafaɗarsa mai lafiya ta miƙe, na ga mutumin da na sani. Farin turke ya zo, ya ja, a hankali, irin jan da ya koya mini. Muka jira daƙiƙa sha ɗayan nan, ba mai numfashi. Jirgi ya tsaya, saura yadi sittin.

Anas ya ce, "Alhamdulillahi, Baba, ka tsayar!" Shi bai gane ba. Malam Isyaku ya kalli allon, hawaye na bin ɓarin fuskar da ba ya motsi.

Ya ce, "Kun gani. Da a turke na ja, da ya tsaya. Ina ta ce wa kaina a turke na ja. Ashe gaskiyarsu ce. Na makara."

Husaina ta rufe fuska da mayafi.

Ban san lokacin da na ja kujera ba. Na gangara layin ƙasa, na goge ɗaya, na sa sifili. Na ce, "Sake, Direba. Ka ja a turke."

Ya sake. Ya ja a turke. Ƙafafu suka zame, jirgi ya wuce hanyar mota, ya yi ta tafiya, ya tsaya a kwalbati. Ya san kwalbatin, a nan muka sauka ranar.

Ya ce, "Me ka taɓa?"

Na durƙusa a gabansa, a gaban 'yata da ɗansa. Na ce, "Yashi. Ba ka makara ba, a turke ka ja, ina kallo. Ka ce yashi, na ja hannu, ba abin da ya fito. Ban soya ba ranar. Na tsaya jin rediyo wurin mai shayi har lokaci ya ƙure, na ɗebo jiƙaƙƙe daga tulin na cika akwati. Da kwamiti suka tambaye ni ko akwai yashi, na ce akwati a cike yake. A cike yake kuwa."

Janareta kaɗai ake ji. Daga wani gida can aka yi shewa, ina jin an gama rantsar da sabon shugaban ƙasa.

Ya daɗe yana kallona. Bai zage ni ba, da ya zaga da na ji sauƙi. Ya ce, "Anas, kai ni gida."

Janet ta kashe janareta, ta kulle shago, ta tsayar mini da acaɓa. Ta riƙe hannuna har na hau.

Lahadi, 30 ga Mayu, da rana

Ban je coci ba.

Talata, 1 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na je Darmanawa. Anas ya fito ya ce barci yake yi. Bai ce in shiga ba, bai kalli fuskata ba. Ban ga laifinsa ba. Uban da ya tashi ya gani direban tifa ne mai yawan shiru, ni na ba shi wannan uban.

Alhamis, 3 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na koma. Husaina ce ta fito. Ta ce, "Da gaske barci yake, Baban Janet. Tun Asabar yake barci kamar jariri, sai an tashe shi salla." Sannan ta ce, "Ban san ko in gode maka ko in tsine maka ba. Ka dawo jibi."

An yi ruwan farko ina hanya. Ban fake ba.

Asabar, 5 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

An shimfiɗa tabarma a zaure. Na zauna a ƙasa, gefenta. Ya ce, "Hau." Na hau.

Na dube shi. Ya ƙara ramewa, amma idonsa ya washe. Da ya fara magana sai da na matsa kunnena kusa da bakinsa.

"Shekara ashirin kana zuwa gidan nan. Kana kallona."

Na ce haka ne.

"Me ya sa kake zuwa?"

Na ce ban iya zuwa da gaskiya ba, ban kuma iya daina zuwa ba.

Ya rufe ido, har na zaci barcin ya sake ɗaukarsa. Sai ya ce, "Aikina da sunana, da barcin da ban yi ba, wannan nawa ne. Na yafe. Ina so in tafi ba kaya." Na fashe da kuka, tsofai-tsofai da ni, na kama hannunsa. Ya bar ni na yi, sannan ya zare hannun.

"Ban gama ba, Ɗan Kagoro. Nawa na yafe. Na mutanen motar ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi. Suna da 'ya'ya a ƙauyen da ke ƙasan Tsamiya Biyu. Kowace shekara ina zuwa in gaishe su, har na kwanta. Sunana suka sani. Naka ba su sani ba."

Ban san yana zuwa ba. Ko sau ɗaya bai taɓa gaya mini ba.

Litinin, 7 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe, tashar Unguwa Uku

Motar ƙauyen Tsamiya Biyu ba ta cika ba tukuna. An ce daga inda za ta sauke ni sai in taka mil huɗu, in na bi dogo ba zan ɓata ba.